Tarihin David Bruce, likitan sojan da ya hango ƙwayar sammore a cikin ɗigon jinin saniya



Duk wanda ya tashi a gidan fataucin shanu ya san sammore, ya kuma san bakkale. Sammore ita ce za ka ga saniya tana cin ciyawa amma kullum ƙara ramewa take, gashi ya tashi, ido yana hawaye, ƙarshe a sayar wa mahauci a wulaƙance kafin ta faɗi. Bakkale kuwa ita ce mai sa saniya ɓari, wani lokaci gwiwa ta kumbura ta tara ruwa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a littattafan likitoci na duniya, ƙwayoyin waɗannan cututtuka biyu suna ɗauke da sunan mutum ɗaya. Ƙwayar bakkale ana ce mata Brucella, ɗaya daga cikin ƙwayoyin sammore kuma ana ce mata Trypanosoma brucei. Mai sunan shi ne David Bruce, ana furta shi Burus, wani likitan sojan Birtaniya da ya mutu tun 1931. Yau tarihinsa za mu kawo, domin aikin da ya fara ya biyo hanya har ya iso ƙasarmu ta Katagum, kusa da mu nan Giade.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi David Bruce ranar 29 ga Mayu, 1855, a birnin Melbourne na ƙasar Ostireliya. Iyayensa mutanen Sikotland ne, neman arziki ya kai su can a lokacin da ake rububin haƙar zinare. Wato shi ma ɗan ci-rani ne. Yana da shekara biyar suka tattara suka koma gida, suka zauna a garin Stirling, inda ya yi makaranta.

Yana ɗan shekara 14 ya bar karatu ya tafi Manchester aiki a harkar kasuwanci. Ƙato ne mai son wasannin motsa jiki, amma ciwon huhu ya kwantar da shi yana saurayi, ya rage masa wannan buri. A 1876 ya shiga Jami'ar Edinburgh. Da farko ilimin dabbobi ya nufa, domin tun yana yaro yana son kallon tsuntsaye, daga baya ya juya zuwa likitanci, ya kammala a 1881.

Ya samu aiki wurin wani likita a garin Reigate na Ingila, a nan ya haɗu da Mary Elizabeth Steele, 'yar wani likita, wadda ta girme shi da shekara shida. Suka yi aure a 1883, shekarar da ya shiga aikin likitan soja. Ku riƙe sunan matar nan, don ba inda za mu je a tarihin nan ba tare da ita ba. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma kusan duk inda aka tura shi tana tare da shi, tana aiki a gefensa.

Me ake gani a madubin likita?

Kafin mu ci gaba, ya kamata a fahimci kayan aikin mutumin, wato madubin likita, wanda wasu ke kira maikiroskof. Gilasai ne masu ƙara girma aka jera a cikin bututu, ɗaya kusa da ido, ɗaya kusa da abin da ake dubawa. Ana ɗora abin a kan ɗan fallen gilashi, haske ya ratso ta ƙasa, sai abin ya bayyana da girma. Mai kyau yana iya ninka girman abu har kusan sau 1,000. A zamanin Bruce ba lantarki a daji, da ɗan madubi ake tare hasken rana ko na fitila a harba shi sama.

Da wannan na'ura aka gane cewa jikin mutum da na dabba da na tsiro duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Wani Bature, Robert Hooke, ya fara bayyana irin waɗannan 'yan ɗakuna a 1665. Wani ɗan kasuwar yadi kuma a Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda bai je jami'a ba, ya riƙa goge gilasansa da hannunsa har ya ga halittu masu rai suna iyo a cikin ɗigon ruwa a shekarun 1670.

Don a gane ƙanƙantar abin, a duba ɗan layin nan mafi ƙanƙanta a jikin rula, wato milimita. A raba shi gida 1,000, kowane kashi shi ake kira maikiron. Jan ƙwayar jinin saniya faɗinta maikiron 5 zuwa 6 ne, ka ga sai ka jera sama da 150 kafin ka cika milimita ɗaya. Ƙwayar sammore tsawonta daga maikiron 10 zuwa 30 ne, gwargwadon irinta. Ta bakkale kuwa ba ta wuce kamar maikiron ɗaya ba, ko a madubi ɗan ɗigo kawai ake gani.

Hanya biyu ake duba jini. Ko dai a ɗiga shi ɗanye a rufe da siririn gilashi a duba nan take, a ga abin da ke motsi a ciki yana da rai. Ko kuma a shafa shi siriri a bar shi ya bushe, a zuba masa rini, sai sassan ƙwayar su ɗauki launi daban-daban a gane siffarta. Aiki ne na haƙuri da tsafta, kuma a nan Mary ta yi fice. Ita ke shirya gilasai, ta yi rini, ta zana abin da aka gani da hannunta, tunda ɗaukar hoto ta madubi yana da wuya a lokacin.

Zazzaɓin tsibirin Malta

A 1884 aka tura Bruce tsibirin Malta da ke tekun Bahar Rum, inda Birtaniya take da sojoji da yawa. Ya tarar da wani zazzaɓi yana kwantar da su. Ba ya yawan kisa, amma yana jan rai. Jiki ya yi zafi, ya sauka, ya sake dawowa, ga zufa da ciwon gaɓoɓi, soja ya yi makonni ko watanni a kwance. Wasu likitoci na cewa taifot ne, wasu maleriya, wasu suna ɗora laifin a kan warin magudanun ruwa.

Bruce ya ɗauki wata hanya. A ƙarshen 1886 ya yanko ɗan yankin saifar wani soja da zazzaɓin ya kashe, ya sa a madubi, sai ga wasu 'yan ɗige-ɗige birjik. Amma ganin abu a jikin mamaci bai isa hujja ba. Sai da ya reni ƙwayoyin a cikin kwalaben gwaji, da taimakon wani masani ɗan Malta mai suna Giuseppe Caruana Scicluna, sannan ya yi wa birai allurarsu, suka kamu da irin zazzaɓin, ya kuma sake samo ƙwayar a jikinsu. A 1887 ya sanar da duniya. Yana da shekara 32.

Saura tambaya ɗaya: ta ina ƙwayar take shiga jikin mutum? Wannan sai da aka yi kusan shekara 18 kafin a samu amsa, za mu dawo kanta.

Bayan Malta, shi da Mary sun je Balin ta Jamus, ɗakin binciken Robert Koch, mutumin da ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, suka ƙaro ilimin rini da renon ƙwayoyi. Daga nan ya koyar a makarantar likitocin soja ta Netley har 1894.

Tudun Ubombo da cutar shanu

A 1894 aka tura shi yankin Natal na Afirka ta Kudu. Gwamnan yankin, Walter Hely-Hutchinson, ya san shi tun a Malta, sai ya roƙi a ba shi aronsa. Dalili kuwa, wata cuta tana ƙarar da shanun Zulu, suna kiranta nagana. Zulu kamar Fulaninmu suke wajen son shanu, su ne dukiya, su ne sadaki. Wannan nagana ita ce sammore.

Miji da mata suka hau amalanken shanu, suka yi makonni a hanya, suka isa wani tudu mai suna Ubombo a watan Nuwamba 1894. Ɗakin binciken nasu bukkar jinka ce da aka yaɓe da laka. Aka riƙa kawo musu ramammun shanu.

Akwai magana biyu da ke yawo a lokacin. Makiyayan Zulu suna cewa cutar tana tare da namun daji, duk inda suka yi yawa shanu na mutuwa. Turawa mafarauta kuma suna maganar wata cuta daban da suke kira cutar ƙuda, suna cewa dafin ƙudan tsando ke kashe doki da sa. Ba wanda ya tabbatar cewa abu ɗaya ake magana a kai.

Bruce ya fara neman irin 'yan ɗige-ɗigen da ya saba da su a Malta, bai samu komai ba. Yana ta duba jini kullum, sai wata rana ya ga wani abu dogo siriri yana wutsil-wutsil tsakanin jajayen ƙwayoyin jini, yana ture su gefe kamar tarwaɗa a cikin taɓo. Halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, tana da ɗan dunƙule a tsakiya kamar gwaiduwar ƙwai, da wata 'yar bulala da take kaɗawa tana tafiya. An taɓa ganin danginta, domin wani likitan dabbobi, Griffith Evans, ya ga irinta a jinin dawaki da raƙuma a Indiya a 1880. Da farko Bruce bai ɗauke ta da muhimmanci ba, saboda ba ta da yawa a jinin shanun. Amma da ya ɗebi jinin ya yi wa karnuka da dawaki masu lafiya allura, sai suka kwanta, jininsu ya cika maƙil da ita.

Daga nan ya gangara da wasu dabbobi masu lafiya zuwa kwarin da ke ƙarƙashin tudun, inda tsando yake. Da suka dawo suka kamu, kuma da aka duba jininsu, ƙwayar nan ce dai. Ashe nagana da cutar ƙuda duk abu ɗaya ne.

An janye shi zuwa aikin soja a farkon 1895, amma ya dawo a watan Satumba na shekarar, suka zauna kusan shekara biyu. A nan ya yi gwaje-gwajen da ko makiyayi zai gamsu da su. Wataƙila ciyawar kwarin ce ko ruwansa? To, sai ya riƙa kai dawaki kwarin na 'yan sa'o'i, a hana su ci a hana su sha, ƙuda kawai ya cije su a dawo da su. Suka kamu. Wataƙila iskar wurin ce? Sai ya kamo ƙudajen a keji ya hau da su tudu, ya ɗora su a jikin dokin da bai taɓa sauka ba. Shi ma ya kamu. Wataƙila dafin ƙudan ne? Ya nuna cewa ƙuda yana iya cizon dabba ba abin da zai same ta, matuƙar bai ɗauko ƙwayar daga wani wuri ba.

Daga ina yake ɗaukowa? Bruce ya harbo ɓauna da dangin barewa da kura, ya ɗebi jininsu ya yi wa karnuka allura, wasu karnukan suka kamu. Wato namun dajin suna ɗauke da ƙwayar suna yawo lafiya lau, ƙuda ya sha jininsu ya kai wa shanu. Kun ga kenan makiyayan Zulu suna da rabin gaskiya, mafarauta suna da rabi, madubi ya haɗa su. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

A zaman nan ne kuma ya lura cewa tsando ba ya zuba ƙwai kamar sauran ƙudaje. Macen tana renon tsutsa ɗaya a cikinta, ta haife ta, tsutsar ta nutse cikin ƙasa. An aika wani kare mai ɗauke da cutar zuwa Ingila, kuma a 1899 masana biyu, Plimmer da Bradford, suka raɗa wa ƙwayar sunan Bruce.

A wannan shekarar yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Turawan Bowa. Aka yi wa garin Ladysmith ƙawanya har kwana 118, su biyun suna ciki. Yana yi wa sojoji tiyata, ita tana taimaka masa, har aka ba ta lambar yabo ta aikin jinya.

Ciwon barci a Yuganda

A farkon shekarun 1900 ciwon barci ya faɗa wa mutanen bakin tafkin Biktoriya a Yuganda. An ƙiyasta cewa sama da mutum 200,000 suka mutu. Mutum zai fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, daga baya ya riƙa gyangyaɗi ko yana cin abinci, har ya tafi.

Bruce ya isa Entebbe a watan Maris 1903. Ya tarar da wani matashin likita ɗan Italiya, Aldo Castellani, wanda ya riga ya ga irin ƙwayar nan mai bulala a ruwan ƙashin bayan wasu majinyata, amma hankalinsa ya fi karkata ga wata ƙwaya daban. Kafin nan ma, a 1901, an ga irinta a jinin wani mutum a Gambiya, Joseph Dutton ya sa mata suna a 1902. Bruce da ya sha kallonta a Ubombo bai yi wata-wata ba. Shi da Mary da David Nabarro suka duƙufa, suka riƙa samunta a jikin masu ciwon, ba sa samunta a ruwan bayan waɗanda ba su da shi.

Sai batun ƙuda. Ya nemi taimakon Apolo Kagwa, wazirin masarautar Buganda, da hakimai, aka riƙa aiko masa da ƙudaje daga kowane yanki tare da labarin ko akwai ciwon a wurin. Ya sa alamar ciwo a taswira ɗaya, alamar tsandon bakin ruwa a wata. Da aka haɗa, suka hau kan juna. Bisa wannan ne gwamnan Yuganda, Hesketh Bell, ya sa aka kwashe mutane daga bakin tafkin, abin da ya rage cutar amma ya raba dubban mutane da gonakinsu da kamun kifinsu. Wannan Bell ɗin shi aka kawo ya zama gwamnan Arewacin Nijeriya daga 1909 zuwa 1912.

Akuyoyin Malta

Mu koma tambayar da muka bari. A 1904 aka kafa kwamitin binciken zazzaɓin Malta, Bruce ne shugaba. A 1905 wani likita ɗan Malta a cikin kwamitin, Themistocles Zammit, ya gwada jinin akuyoyi shida, biyar suka nuna alamar cutar, alhali ga su nan garau. Aka duba madararsu, aka samu ƙwayar. A Malta kuwa a lokacin, kora akuyoyi ake yi gida-gida, a tatsa a ƙofar mai saye, ya sha da ɗuminta yana ganin ba abin da ya fi wannan tsafta. A 1906 aka hana sojoji shan madarar akuya, sai zazzaɓin ya kusan ɓacewa daga barikoki.

Ina haɗin wannan da bakkale? A 1897 wani likitan dabbobi a Denmak, Bernhard Bang, ya gano ƙwayar da ke sa shanu ɓari. A 1918 wata masaniya a Amurka, Alice Evans, ta nuna cewa ƙwayar Bang da ta Malta 'yan uwan juna ne na kusa. A 1920 aka haɗa su gida ɗaya aka kira su Brucella.

Halinsa da inda ya kuskure

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun nuna mutum ne mai kaushin magana, ba ya rarrashi, kuma ba ya saurin raba yabo. An daɗe ana jayayya kan wanda ya cancanci yabon gano sanadin ciwon barci tsakaninsa da Castellani. Mutanen Malta kuma suna ganin ba a ba Zammit da Caruana Scicluna haƙƙinsu yadda ya kamata ba. Su kuwa 'yan Afirkan da suka kamo ƙudaje suka riƙe dabbobi, ba a cika jin sunayensu ba.

A ilimi ma ya yi kuskure. Ya ɗauka ƙuda yana ɗaukar ƙwayar ne a bakinsa kawai, kamar allura mai datti. A 1909 wani Bajamushe, Friedrich Kleine, ya nuna cewa ƙwayar tana shiga cikin ƙudan ta yi kusan mako uku tana sauya siffa kafin ya iya harba ta. Bruce ya sake gwaji a Yuganda ya tabbatar da hakan. Haka kuma, bayan aikinsa a Nyasaland, wato Malawi ta yau, daga 1911 zuwa 1914, ya goyi bayan a karkashe namun daji don a raba ƙuda da abinci, shawarar da ta jawo suka sosai.

Duk da haka an karrama shi. An ba shi sarautar Sir a 1908, ya kai muƙamin Manjo Janar, a 1915 kuma aka ba shi lambar Leeuwenhoek, wadda aka sa wa sunan ɗan kasuwar yadin nan. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shugabanci kwalejin likitocin soja a Landan.

Yadda aikin ya iso ƙasar Katagum

Bruce bai yi aikinsa a nan ba, amma abin da ya buɗe ya zo. A shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sansanin binciken ƙudan tsando a Sherifuri cikin ƙasar Katagum, saboda kurmin bakin kogunanmu yana cike da shi a lokacin. Masana biyu, Llewellyn Lloyd da W. B. Johnson, suka fito da wata dabara a 1924. A kama ƙuda a feɗe shi a ƙarƙashin madubi, a duba wuri uku: tsinken bakinsa, hanjinsa, da jakar yawunsa. Idan ƙwayar tana baki kaɗai, irin da ake kira vivax ce. Idan tana baki da hanji, congolense ce. Idan ta kai jakar yawu, dangin brucei ce. Har yanzu masu binciken tsando suna amfani da wannan hanya. Biyun farko su suka fi addabar shanunmu, a dangin ta ukun kuma ake samun mai sa mutum ciwon barci.

Daga baya aka mayar da cibiyar Gadau, garin da jami'ar Jihar Bauchi take a yanzu. A nan T. A. M. Nash ya yi shekaru a cikin 1930 yana nazarin yadda zafi da rani ke kora ƙuda zuwa inuwar bakin rafi. Da wannan ilimi aka yi aikin Anchau a ƙasar Zazzau, inda aka sassare kurmin rafuka aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. A shekarun nan ma'aikatan ciwon barci suna bin ƙauyuka da madubi, suna lalubar wuyan mutane, wanda aka ji kaluluwa a tsotso ruwanta da allura a duba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa babbar cibiyar binciken cutar a Kaduna da reshe a Vom. Daga tsakiyar shekarun 1950 kuma aka shiga feshin magani a bakin kogunan wannan yanki, har aka kakkaɓe tsando daga wurare masu faɗi, makiyaya da manoma suka samu shiga.

Tsofaffin fatake sun san ɗaya ɓangaren labarin. Kafin tirela, shanun da ba a loda a jirgin ƙasa ba, kora su ake yi a ƙasa ta Jebba da Ilorin da Ogbomosho har Ibadan, suna ratsa dajin tsando. Bunaji da rahaji da suka bar gida da ƙiba sai su isa da haƙarƙari a waje. Shi ya sa a da ba a ajiye shanun Arewa su daɗe a kurmi, sai gajerun nan irin muturu da suke jure cutar.

Rasuwarsa

Bayan ya yi ritaya a 1919, ciwon ƙirji ya riƙa damunsa, yana tafiya tsibirin Madeira lokacin sanyi. Mary ta rasu ranar 23 ga Nuwamba, 1931. Kwana huɗu bayan haka, ranar 27 ga Nuwamba, shi ma ya bi ta a Landan, yana da shekara 76. Kafin ya cika ya bar wasiyya cewa duk wanda zai ba da labarin aikinsa, ya bayyana irin rawar da matarsa ta taka. Mun cika masa.

Abin da ya shafe mu a kara

'Yan uwa, yau Berenil da Samorin suna cikin jakar kusan kowane mai shanu. Saniya na yin sanyi sai a zuƙa a soka. Amma rama da rashin jini ba sammore kaɗai ke kawo su ba. Tsutsar ciki da ciwon hanta da cututtukan kaska duk suna yin haka, kuma kowanne da maganinsa. Idan aka yi ta allura ba bisa ƙa'ida ba, ko aka tsinka magani don ya isa shanu da yawa, ƙwayar tana sabawa da shi, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi ci. Ga shi har yau babu allurar rigakafin sammore, domin ƙwayar tana sauya rigar da ke jikinta, kafin jinin saniya ya gane ta ta sake wata. Abin da ke raba gardama shi ne ɗigon jini daga kunnen saniya, fallen gilashi, da ma'aikacin da ya iya duba madubi. Kuɗin gwajin bai kama ƙafar kuɗin sa guda ba. Shugabannin kara za su iya haɗa kai su nemi likitan dabbobi na gwamnati ya riƙa zuwa da madubinsa ranar kasuwa. Kuma a tambayi likita kwana nawa za a jira bayan allura kafin a yanka, don naman mutane za su ci.

Batun bakkale kuma ya shafi jikinmu kai tsaye. A tafasa madara kafin a sha ko a yi kindirmo da ita. Wanda zai taɓa ɗan maraƙin da aka yi ɓarinsa, ko mabiyiya, ya sa safar hannu ko leda, ya binne su, kada a jefa wa karnuka. Mahauta da masu wankin kayan ciki su kula da ciwon da ke hannunsu. Wanda kuma zazzaɓi yake tafiya yana dawo masa, ga zufar dare da ciwon gaɓoɓi, ya sha maganin maleriya da na taifot ba sauƙi, to ya gaya wa likita cewa da shanu yake aiki, ya nemi a gwada shi.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da lafiyarmu, Ya kai kowa gida lafiya.